Inda Fim Ɗin Gwaggo Kulu Ya Tsaya

Shekara shida ke nan da rasuwar Gwaggo Kulu, ƙanwar babana. Ta rasu a watan da kogi ke ja da baya, lokacin da baƙar laka ke fitowa a bakin gaɓa tana ƙyalli, kuma duk shekara idan na ga wannan laka nakan san lokacin ya zagayo. Da yawa daga masu karanta wannan jarida sun san fuskarta, ko da ba su san sunanta na gida ba. Ita ce matar da ke iyo a fim ɗin da motar sinima ke yawo da shi ƙauyuka da makarantu, wanda ake cewa labarin mace ta farko ce da ta ƙetare babban koginmu, Bahar Azrak, da iyo. Makon jiya aka nuna mana shi a makarantarmu ta 'yan mata a Sennar. 'Yan ajinmu sun yi ta tafi. Ni ina bencin baya, hannuwana a cinya. Da aka kunna fitila, wata ƙawata mai suna Su'ad ta tambayi malamar wasanni abin da ya faru da matar daga baya. Malama ta ce fim ya tsaya inda ya kamata ya tsaya. Ban iya magana cikin taro ba, shi ya sa nake amsa tambayar Su'ad a nan.

Hillarmu, wato ƙauyenmu, tana kudu da Sennar, a bakin kogi. Hausawa ne zalla a cikinta. Gaban hillar akwai tsibiri mai tsawo wanda ruwa ke rufewa da damina, idan ya janye ya bar ƙasa mai laushi wadda ba ta bukatar taki. Tun zamanin kakanni gonakin tsibirin na mata ne. Maza suna da hawasha, wato gonar auduga ta ban ruwa, da gonakin dawa, mata suna da kuɓewa da tumatir da albasa da kankana a tsibiri. Ba da kwalekwale suke zuwa ba. Akwai wani babban gawo sama da hilla, nan ce mashigar mata. Mace za ta tuɓe zanenta ta naɗe shi a ka, ta bar fatari kawai, ta rungumi babbar gora a ƙirji, ta shiga ruwa. Ba ta nufar tsibirin kai tsaye. Sama da shi take kallo, ruwa yana jan ta a karkace, har ya ajiye ta a kan yashin ƙasan tsibirin, zanenta a bushe. Da yamma a komo da kwando a ka, a fito ƙasa da hilla, a tako da ƙafa.

Babu wanda ya taɓa rubuta dokar mashiga, amma kowane yaro da ya isa kaciya ya san ta. Daga hantsi zuwa la'asar namiji ba ya sauka wajen gawo. Masunta sukan kewaya ta bayan tsibiri. Idan jakin mutum ya ɓace ya gangara can, sai ya aiki 'yarsa. Don haka mazan hillarmu sun san matansu suna iyo kamar yadda suka san suna haihuwa, sun sani, ba su taɓa gani ba.

Gwaggo Kulu ba ita kaɗai ke ƙetarewa ba, ta dai fi kowa. Ita ba ta ɗaukar gora. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta sake aure ba, gonarta ta tsibiri ce ke ciyar da ita, har takan aiko mana da albasa. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, da wani tabo a haɓa inda ƙahon akuya ya same ta tana yarinya. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, Ramatu, saboda haka ba ta kiran sunana, sai dai Innata. Ina ƙarama aikina shi ne in zauna a gindin gawo in tsare takalman mata. Kullum idan na ce ta koya mini, sai ta kama hannuna ta matsa ta ce ƙashin bai yi ƙwari ba tukuna, in bari kogi ya cika ya janye sau ɗaya, sannan ta shigar da ni da kanta. Wannan alkawarin yana nan lokacin da masu fim suka zo.

Wani malamin gona ne ya kai labarinta Medani, daga can ya kai Khartoum. Aka turo wani mai shirya fim, Ustaz Kamal, mutum mai fara'a mai yawan shan shayi, da mutanensa da akwatuna. Ya zauna da dattawa a inuwar dogonyaro ya yi musu bayani da Larabci cewa ƙasa tana son nuna wa duniya matanta sun farka. Dattawa suka saurara. Tambaya ɗaya suka yi: ina za a nuna hoton? Ya ce Khartoum, da ƙasashen waje. Sai suka yarda. Na daɗe ina tunanin wannan yardar. Mu mutane ne da kakanninmu suka baro Sakkwato da niyyar Makka, wasu suka isa, wasu suka tsaya a nan, babu wanda ya koma. A tunanin dattawanmu abin da ya kama hanya ya tafi, ya tafi ke nan. Babu wanda ya kawo a ransa cewa hoto yakan je Khartoum ya dawo. Dattawa suka ba baƙi izinin sauka wajen gawo, su kuma suka ci gaba da kewayewa kamar kullum, har Baba.

Na kalli fim ɗin sau uku yanzu, na fara gane yadda aka ɗinka shi. Yana farawa daga ƙarshe. Hannu ne ke fitowa daga ruwa ya dafa yashi, kiɗa ya tashi, sai allo ya yi duhu a koma baya, don mai kallo ya san tun farko cewa za a ci nasara, ya zauna kawai ya ga ta wace hanya. Bayan nan sai yarinta. Ana ganin wata yarinya siririya tsaye a gaɓa, ta juya baya rabi, tana kallon ruwa, iska tana kaɗa gefen ɗankwalinta. Ni ce, a matsayin Gwaggo tana ƙarama. Ustaz Kamal ya gan ni a gindin gawo ya ce idona ya yi masa, ya tsayar da ni ya ce kada in yi komai, in kalli ruwa kamar ina son sa. Wannan bai yi mini wuya ba.

Sashe na gaba shi ne na abokin gaba. Na ji Ustaz Kamal yana gaya wa mai kyamara cewa labari ba ya tafiya sai da wanda zai tare hanya. Sai suka kawo wani ɗan wasa daga Medani, suka naɗa masa rawani irin namu, suka ba shi sanda. Shi ne baban yarinyar. Yana fizgo ni daga bakin ruwa yana ɗaga sanda. Kakana na gaskiya, Malam Sanda, shi ke shuka gorunan da matan gidansa ke iyo da su, a bayan rumbu, yana zaɓen masu faɗin ciki yana shanya su a kan rufi. Gwaggo ta yi wa Ustaz Kamal wannan bayanin. Ya ce ai ba babanta ne ba sosai, misali ne na iyaye gaba ɗaya.

Daga abokin gaba sai mai koyarwa. A fim wani saurayi ne mai gajeren wando da usur a wuya yake tsaye cikin kwalekwale yana nuna mata yadda ake jefa hannu. Shi kansa da gora aka ɗaure masa a ƙugu ƙarƙashin riga, na gani da idona, domin yana tsoron kifewa. Wadda ta koya wa Gwaggo iyo mahaifiyarta ce, ita kuma ta koya daga wata kakarta da ta taso a bakin gulbin Rima. Ba a ambaci ko ɗaya ba. Sauran matan ma an hana su shiga ruwa a kwanakin, aka ce su tsaya bayan kyamara. Inna Dije, ƙawar Gwaggo, ta tambayi dalili, aka ce mata ba a yin ta farko idan akwai wasu tare da ita a hoto. Inna Dije ta ce to ita ta nawa ce, a gaya mata ta sani. Kowa ya yi dariya, har Ustaz Kamal. A makon nan kuɓewar tsibiri ta yi ƙarfi a jikin itace saboda ba a tsinka ba.

Sai babbar rana. A nan aka fi wahala, domin Ustaz Kamal yana son ta miƙe kai tsaye zuwa ga kyamara, ta fasa ruwa da ƙirji, Gwaggo kuwa ta ce mahaukaci ne kaɗai ke yi wa kogi haka. Suka daidaita, ta yi masa kai tsaye a inda ruwa bai kai wuya ba. Suka ba ta wata baƙar riga da dogon wando suka ce don mutunci. A tsakiya akwai wurin da take nutsewa, kiɗa ya tsaya, mai kallo ya riƙe numfashi, sannan ta ɓullo. Sau da yawa aka maimaita wannan, saboda duk lokacin da ta ɓullo dariya take yi. Muryarta ba ta cikin fim ɗin ko kaɗan. Wani namiji ne ke magana da Larabcin rediyo daga farko har ƙarshe. Akwai inda aka matso da fuskarta, bakinta yana motsi, muryar ta ce tana cewa ta yi wannan ne domin ƙasarta da 'yan'uwanta mata. Duk Bahaushen da ya kalli leɓenta ya san abin da ta ce. Cewa ta yi, "Kau da kwalekwalen nan, kana tare mini ruwa."

Ƙarshensa shi ne farkonsa. Hannu ya dafa yashi, ta miƙe tsaye daga ruwa, 'yan makaranta da aka kwaso a lori suna kaɗa tuta, hoton ya daskare a kan fuskarta, rubutu ya hau. Reshen kogi ne tsakanin gawo da tsibiri, amma yadda aka ɗauka sai ka rantse daga gaɓa zuwa gaɓa ne. A nan fim ya tsaya.

Bayan kusan shekara, da aka gama tsinkar auduga, motar sinima ta shigo hillarmu. Yara suka bi ta da gudu. Aka rataya farin ƙyalle a bangon makarantar allo, bayan magariba aka kunna inji. Mutanen hilloli biyu na maƙwabta sun zo a kan jakuna, har da Larabawan da muke kasuwa ɗaya da su. Maza a gaba, mata a baya a tsaye. Gwaggo ta sa sabon tobe, dogon mayafin da matan nan ke naɗawa, ta riƙe hannuna. Da aka nuno ni a gaɓa ta matse yatsuna ta ce, "Ga Innata, kamar mutuniyar kirki."

Da mai rawani ya ɗaga sanda, na ji tari ya tashi a layin dattawa. Wani baƙo ya ce da ƙarfi, da Larabci, ashe haka suke yi wa 'ya'yansu. Amma ba wannan ne ya karya abin ba. Abin da ya karya shi shi ne ƙarshen. Rigar da aka ba ta don mutunci ta jiƙe ta manne mata a jiki, ta fi fatari tonon asiri, ga ta tsaye a bango tsawonta ya kai na ƙofar masallaci, kuma hoton ya daskare bai motsa ba. Wani saurayi daga wata hilla ya yi fito. Wani ya amsa masa. Na kalli Baba. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya ga ƙanwarsa cikin ruwa, kuma ya gan ta ne tare da mazan hilloli uku. Ya tashi, ya karkaɗe bayan rigarsa a hankali, ya fita. Dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ba ta saki hannuna ba, kuma ba ta tafi ba sai da rubutun ƙarshe ya wuce.

Ranar Juma'a bayan salla aka yanke magana. Daga yau mace ba ta shiga kogi, babba ko yarinya. Mai son gonar tsibiri ta shiga kwalekwale. Kwalekwale ɗaya ne, na masunta, yana tafiya lokacin da ya ga dama, kuma mai shi yana da kaso a cikin kwando. Cikin damina biyu gonakin suka koma hannun maza. Ba a ƙwace ba, a hankali suka zame, yau miji ya je ya duba wa matarsa, gobe ya shuka abin da yake so. Matan da suka yi shekaru suna ƙetarewa tare da Gwaggo wasunsu suka daina gaishe ta a bakin rijiya. Sun ce ita ta jawo. Inna Dije ce kaɗai ta ci gaba da shigowa da goronta.

Gwaggo ta je wurin Baba sau ɗaya. Ina shara a tsakar gida, na ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, ku kuka zauna da shi, ku kuka sha shayinsa, ku kuka ce in shiga. Mi na yi wanda ba ku ce ba?" Baba ya ce shi ba zai iya zama a kasuwa ba idan aka sake yi masa fito. Ta ce to. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Na tuna mata alkawarina bayan kogi ya cika ya janye. Na yi zaton za ta yi fushi. Sai ta tura ƙyauren ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma, ta ciro gorarta ta yarinta daga rataye ta ce in kwanta a kai rubda ciki. A nan ta koya mini. Yadda ake haɗa yatsu, yadda ƙafa ke turawa ba ta duka ba, lokacin da ake shan iska, yadda ake riƙe wuya don kada zanen da ke ka ya jiƙe. Ta ce turmin can shi ne tsibiri, kada in kalle shi, in kalli randa, sama da shi, in bar ruwa ya yi rabin aikin. Idan na yi kuskure takan buga mini mafici a ƙafa ta ce, "Kin nutse, Innata. Tashi a sake." Gwiwoyina suka yi kanta. Mun yi haka kusan kullum bayan azahar, har ƙafafunta suka fara kumbura.

Ciwonta bai yi tsawo ba. Likita a Sennar ya ce zuciya ce. Ni ban san aikin likita ba, na dai san macen da take ƙetare ruwa safe da yamma ta koma zaman ɗaki, tana tsoma ƙafa a kwano. Da ta ga abin ya zo, ta gaya wa Inna Dije kada a wanke ta da ruwan rijiya. Inna Dije ta isar wa Baba. Da safen da ta cika, Baba bai aiki kowa ba. Ya ɗauki tulu biyu ya gangara wajen gawo da kansa, da hantsi, lokacin da namiji bai taɓa sauka can ba. Ya dawo wandonsa a jiƙe har cinya. Har yau bai taɓa maganar ba, dokar kuwa tana nan.

Masu fim ba su zo gaisuwa ba. Ba na jin sun sani. Ba na cewa Ustaz Kamal mugu ne, ya ba ni alewa, kuma na yarda yana ganin alheri ya yi mata. Ya zo da labarinsa a shirye ne, mai farko da tsakiya da ƙarshe, yana neman macen da zai sa a ciki, ya samu, ya naɗe igiyoyinsa ya tafi. Labarinsa yana bukatar uban da ya hana. Lokacin da ya zo babu irin wannan uban a hillarmu. Bayan ya tafi aka samu.

Nakan tambayi kaina abin da Gwaggo za ta ce da ta ga zauren makarantarmu makon jiya, 'yan mata cike suna tafa mata, malama tana cewa mu yi koyi da ita. Ina jin da farko za ta yi dariyar kiran ta mace ta farko da aka yi, ta ce a je a gaya wa Inna Dije. Sannan za ta tambayi wa ke noma gonarta, a ce mata wani jikan mai kwalekwale ne, ya shuka taba. Za ta tambayi gawo, a ce yana nan, samari suna wanke lori a gindinsa. Daga nan ba na jin za ta ƙara tambaya. Cikin 'yan matan hillarmu da suka taso bayana babu wadda ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa. Bara wata ƙaramar yarinya ta zame a bakin gaɓa tana wanki, mata suna tsaye suna ihu, sai da Inna Dije, da furfurarta, ta faɗa ta ciro ta. Dattawa suka yi kamar ba su ji ba.

Fim ɗin zai daɗe. An ce akwai kwafinsa da yawa, kuma duk shekara ana fito da shi ranar wasanni. A cikinsa Gwaggo ba za ta tsufa ba, ba za ta yi magana ba, za ta yi ta dafa yashin nan tana miƙewa. Ni ma ina ciki, tsaye a gaɓa ina kallon ruwa, mai kallo yana da tabbacin yarinyar nan za ta shiga. Shekarata goma sha shida yanzu, ban shiga ba.

Abin da ya rage mini nata shi ne gorar. Ta tsage kaɗan a wuya, na liƙe da ƙaro. Idan na je hutu nakan tura ƙyaure bayan azahar, in shimfiɗa tabarma, in kira ƙanwata Hajara, in ce mata turmin can ne tsibiri, ta kalli randa. Tana da saurin ɗauka, ƙafarta ta fi tawa kyau. A hutun da ya wuce ta ɗago kai daga kan gorar ta tambaye ni ko ruwan yana da sanyi a tsakiya. Na ce mata ban sani ba.